Yadda ake gane ma'anar 2^√2 ta hanyar iyaka

Idan aka ce 2^3, kowa ya san ana nufin biyu sau biyu sau biyu. To amma 2^√2 fa? Ba wanda zai iya ninka biyu da kanta sau √2 (lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 2), wato sau 1.41421356… domin wannan lamba ba ta ƙarewa, kuma ba a iya rubuta ta a matsayin lamba kaza bisa lamba kaza. A nan ɗalibai da yawa suke cijewa, su danna kalkuleta su kwafi amsa. Ga yadda za ka kai ga amsar da kanka.

Da farko ka tabbatar ka riƙe fawa mai kashi da kyau (fawa ita ce lambar da ke bayan alamar ^, kamar 3 a 2^3), don a kanta komai zai hau. 2^(1/2) shi ne √2, saboda idan ka ninka shi da kansa fawowin za su haɗu su ba da 2^1. Haka nan 1.4 daidai yake da 7/5, don haka 2^1.4 na nufin ka ninka biyu da kanta sau bakwai ka sami 128, sannan ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta sau biyar za ta ba da 128. Duk lambar da ɗigonta ya ƙare, to tana da irin wannan fassara.

Sai ka tunkari √2 daga ƙasa, kana ƙara lamba ɗaya bayan ɗigo a kowane taki:

2^1.4 ≈ 2.6390
2^1.41 ≈ 2.6574
2^1.414 ≈ 2.6647
2^1.4142 ≈ 2.6651

Dubi yadda amsoshin suke hawa, amma kowane hawa ya fi wanda ya gabace shi gajarta. Sai dai wannan kaɗai bai isa hujja ba. Jerin lambobi na iya tafiya a hankali kamar hawainiya kuma bai tsaya ko'ina ba. Shi ya sa sai ka sake tunkaro ta daga sama, da lambobin da suka ɗara √2 kaɗan:

2^1.5 ≈ 2.8284
2^1.42 ≈ 2.6759
2^1.415 ≈ 2.6666
2^1.4143 ≈ 2.6653

Yanzu an sa abin a tsakiya. Tunda lambar ƙasa, wato 2, ta fi ɗaya, duk lokacin da fawa ta ƙaru amsa ma ƙaruwa take yi. Ke nan kowace amsa a jerin farko tana ƙasa da kowace amsa a jeri na biyu. Tazarar da ke tsakaninsu ta faro daga kusan 0.19, ta sauko 0.0185, ta sauko 0.0019, ta zo 0.0002. Kowane taki na rage ta kusan ninki goma. Lambobi biyu daban-daban ba za su iya zama cikin tazarar da take ta matsewa haka ba, domin wata rana tazarar za ta yi musu kaɗan. Lamba ɗaya tak ta rage a wurin, kusan 2.665144. Ita ake kira iyakar jerin, kuma ita aka yarda a kira 2^√2.

A ganina kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar iyaka a matsayin kintace. Lambobin jerin su ne kintace. Iyakar kuwa lamba ce tsayayya mai wurin zamanta a kan layin lambobi. Tabbacin cewa babu rami a wurin ya fito ne daga aikin da masana lissafi Richard Dedekind da Georg Cantor suka wallafa a 1872.

Ka kula da sharaɗi ɗaya: lambar ƙasa dole ta fi sifili. Gwada (−2) ka ga ikon Allah: fawa 7/5 za ta ba da amsa, fawa 141/100 kuma ta nemi tushe na ɗari na lambar da ke ƙasa da sifili, wanda babu shi a lambobin zahiri, wato waɗanda ke kan layin lambobi. Jerin ya watse ke nan. Idan kuma lambar tana tsakanin sifili da ɗaya, hanyar na aiki, sai dai jerin biyu su musanya wuri.

Kalkuleta ba ta bin wannan doguwar hanya. Tana amfani da logaridim, a^x = e^(x ln a), inda e take lamba tsayayya kusan 2.718, ln a kuma fawar da za a sa wa e ta ba da a. A nan ln 2 kusan 0.693147 ne; √2 sau 0.693147 ya ba da kusan 0.980258, kuma e da wannan fawa ta ba da 2.6651 ɗin nan dai.

Dokokin fawa ba su canza ba. Ɗauki √2^√2 ka sa masa fawa √2: fawowin za su ninku su ba da 2, sai a koma (√2)^2, wato 2 cif. Ita kuwa 2^√2, masanin lissafi David Hilbert ya ambace ta cikin ta bakwai daga jerin matsalolin lissafi da ya gabatar a 1900, kuma sai a 1930 Rodion Kuzmin ya tabbatar ba ta warware kowane lissafin aljebara mai cikakkun lambobi. Don gwaji, bi matakan nan da 3^π, ka fara da 3.1 daga ƙasa da 3.2 daga sama.