Kada ku zubar da 'ya'yan gwanda, masu kaji

Jama'a, masu kiwon kaji a Kaduna, 'ya'yan gwanda na rage tsutsar ciki.

Ku roƙi masu sayar da gwanda a kasuwar Kawo, galibi zubarwa suke yi. A wanke, a shanya a inuwa har su yi ƙwaram, a daka, a barbaɗa kaɗan cikin dusa na 'yan kwanaki.

Sinadarin da ke sa su yaji a baki shi ke kashe tsutsar. Da damina tsutsar ta fi yawa, don haka a riƙa sauya buntu idan ya jiƙe.

Amma fa idan kun ga jini a kashi, kaza ta takure fuka-fukai a sake, wannan alamar koksidiyosis ce, wani ciwon hanji na kaji, gwanda ba ta maganinsa. Ku nemi likitan dabbobi ranar nan, musamman in 'yan tsaki ne.

Kada kuma a yawaita wa zakarun iri garin 'ya'yan gwandar, yana rage musu ƙarfin haihuwa.