Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen kujerar zango a tafiyar kayak

Na gaji da ganin sababbin matuƙa kayak, wato siririn kwale-kwalen da ake tuƙawa da filafili, suna sayen kujera da ma'aunin mai tafiyar ƙafa, sannan su iso bakin ruwa su tarar ta ƙi shiga jirgin. Mai tafiyar ƙafa nauyi ne damuwarsa, domin kafaɗarsa ce ke ɗauke da kowane giram. Mai kayak kuwa ruwa ne ke ɗaukar masa kaya, saboda haka bambancin da ke tsakanin Chair Zero ta kamfanin Helinox, mai nauyin kusan giram 500, da Chair One mai kusan kilo 1, ba zai taɓa jin sa a filafili ba. Abin da zai dame shi shi ne tsawon kujerar da kaurinta bayan an naɗe ta.

Babban kuskure shi ne saye ba tare da an auna bakin ma'ajiyar jirgin ba. A yawancin kayak na doguwar tafiya, baki mai zagaye yakan kai santimita 20 zuwa 24, mai siffar ƙwai kuma tsawo kusan 44, faɗi 26. Faɗin bakin kaɗai bai isa ba, domin kujerar za ta shiga ne a karkace, sannan ta kwanta a ƙarƙashin rufi maras zurfi, kuma a ma'ajiyar baya sau da yawa akwatin ƙaramin reshen da ke daidaita jirgi ya riga ya cinye tsakiya. Kujerar da ta naɗe ta koma santimita 35 takan wuce lafiya, amma mai 60 ko fiye takan maƙale. Ni kafin in saya nakan naɗe kwali daidai tsawo da kaurin da aka rubuta, in gwada shigar da shi. Kuma ba na tafiya da jakar kujerar: sandunan nakan ɗaure su da igiya in tura su can ƙuryar goshin jirgi inda ba abin da ke shiga, in bar bakin igiyar kusa domin jawowa, yadin kuma in cusa shi tsakanin sauran kaya.

Wanda kujerarsa ta ƙi shiga yakan ɗaure ta a bayan jirgi ya ce ai shi ke nan. Wannan ganganci ne, kuma na ɗanɗana kuɗarsa da wata doguwar kujerar ƙarfe. Iska ta riƙa bugun ta daga gefe tana karkatar da jirgin, na wuni ina tuƙi da ɓangare ɗaya har kafaɗata ta ƙage. Da igiyar ruwa ta kifar da ni, kujerar ta tare daidai wurin da zan hau in koma ciki, sai da na yanke igiyarta ta nutse, ina cikin ruwan sanyi hannuwana suna mutuwa. Duk kayan da aka ɗora a sama yana ƙara wa jirgi tangaɗi, kuma bayan mazaunin matuƙi hanyar ceto ce, ba rumbu ba. Wanda bai taɓa gwada komawa cikin jirginsa a ruwa da kaya ɗaure a baya ba, ba shi da hurumin cewa ba komai.

Kuskure na biyu shi ne mantawa da cewa mai kayak a kan yashi da laka yake sauka. Ana gwada kujera a kan daɓen siminti, a ji ta daram, alhali ƙafafunta ba su fi kan yatsa faɗi ba. A gaɓar ruwa ba sa nutsewa tare. Ta baya ɗaya takan riga sauran, nauyin mutum duka ya koma kanta, sandar alminiyom ta lanƙwashe ko mahaɗar roba ta tsage, kuma ba a gyara wannan a daji. Ana sayar da dunƙulen roba da ake saka wa ƙafafun, wasu kuma suna huda ƙwallon tanis, amma ƙwallon yana shan ruwa yana kwasar yashi zuwa cikin ma'ajiya. Na fi son ƙyalle mai ƙarfi mai aljihu huɗu da ƙafafun ke shiga, domin yana baza nauyi kuma yana ninkewa falan ɗaya. Idan na san duk zangon a kan rairayi mai taushi zai kasance, sai in ɗauki kujera maras ƙafa irin ta Crazy Creek, wadda soso ce mai majingina da maɗauri a gefe, ba abin da zai nutse ko ya karye.

Ƙaramar kujera mai ƙafa uku tana da ban sha'awa saboda ƙanƙantarta, sai dai bayan awanni ana tuƙi, baya ne ke neman hutu, ita kuwa ba ta da majingina. Mai ciwon gwiwa ya gwada tashi daga kujera kafin ya saya, domin gajeriya tana da daɗin zama da wuyar miƙewa. Kada a bar kujera maras nauyi tsaye babu kowa a kanta. Iska za ta kai ta ruwa ko cikin wuta, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya huda nailan. Ni da na tashi sai in kifar da ita in ɗora gorar ruwa. A bakin teku kuma a ajiye ta sama da layin da ruwa ke kaiwa idan ya cika.

Ruwan gishiri da yashi suna shiga inda sanduna ke haɗuwa, su ci alminiyom har sandunan su manne, igiyar robar da ke riƙe su ta ciki kuma ta saki. Bayan kowace tafiya nakan zare su ɗaya bayan ɗaya, in ɗauraye da ruwan daɗi, in bar su a warwatse a inuwa sai cikinsu ya bushe sosai kafin in naɗe.