Mutuwar leɓe bayan cire haƙori: kurakuran da aka fi yi

Allurar kashe zafi ta likitan haƙori takan sake cikin 'yan awoyi. In an kwana biyu leɓen ƙasa, haɓa ko gefen harshe na nan dindiris, to jijiyar da ke sa wurin ji ce ta taɓu. Akwai wadda ke ratsa ƙashin muƙamuƙin ƙasa ta ɓullo wajen haɓa, akwai kuma ta harshe. Cire turmin ƙarshe, dashen haƙori ko karayar muƙamuƙi a haɗarin babur duk kan iya ƙuje su.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne zama a gida ana cewa zai warware da kansa. Mafi yawa sukan warware cikin makonni, haka ne. Amma jijiyar da ta tsinke ɗinki take buƙata, kuma ɗinkin ya fi kamawa cikin wata 3 zuwa 6 na farko. Ka koma asibiti tun a makon farko. Ka zagaye iyakar wurin da ya mutu da biro, ka ɗau hoto da waya duk Juma'a. Jijiya na tofowa ne kimanin milimita 1 a rana, sai a hoto za ka gane ko da'irar na raguwa.

Sai kuskuren gasa wurin da ruwan zafi. Fatar da ba ta ji ba za ta gaya maka ta ƙone ba. Haka shayi da koko: fara kurɓa ta ɓangaren da ke lafiya, ka riƙa duba leɓe a madubi bayan cin abinci ko ka cije shi.

Wasu kuma sukan ƙaurace wa wurin, saboda taɓawa na jawo tsikari kamar tururuwa na yawo. Alhali ƙwaƙwalwa sai an sake koya mata. Zauna gaban madubi da auduga ko burushi mai laushi. Shafa ɓangaren da ke lafiya tukuna, ka lura da yadda ka ji, sannan ka shafa wanda ya mutu kana kallo. Rufe ido ka maimaita. Daga baya wani ya shafa maka, kai kuma ka faɗi ko sama ya yi ko ƙasa. Minti kaɗan, sau 2 ko 3 a rana, na tsawon watanni. Wannan horo ba ya haɗa jijiyar da ta rabu, amma yana rage damuwar da baƙon jin ke kawowa wajen ci da magana.

Zugin jijiya bai cika jin farasitamol ba, kuma don Allah kar a faɗa wa tiramadol. Amitriptyline ko gabapentin ake bayarwa, a hannun likita.

In kuwa baki ne ya karkace, ido ya ƙi rufuwa, wannan wata jijiyar ce daban, mai motsa fuska. Haɓar da ta mutu haka kawai, ba cire haƙori ba rauni, ita ma ba a kwana da ita a gida, musamman ga mai sikila.