Yadda Ake Adana Tsofaffin Wasiƙun Iyali Har Su Kai Ga Jikoki

Gidaje da yawa suna da jaka ko akwatin da aka tara wasiƙun da 'yan'uwa suka riƙa aika wa juna shekara da shekaru, musamman na gaisuwar bukukuwa da na ƙarshen shekara, waɗanda a cikinsu ake ba da labarin wanda ya yi aure, da wanda aka haifa, da wanda ya sami aiki, da wanda ya rasu. Irin waɗannan wasiƙu sukan daɗe a ajiye ba tare da wani mugun abu ya same su ba, sai ranar da wani mai kyakkyawar niyya ya ɗauko su domin ya gyara, ya lilliƙa musu salatif, ya ware su daga ambulan ɗinsu, ya rarraba wa dangi. Don haka wanda ya ɗauki wannan aiki ya rage taɓa takardar gwargwadon iko, ya mai da ƙarfinsa wajen tattara abin da aka sani game da ita.

Sanin abin da ke cin takarda yana sauƙaƙa sauran aikin. Tun daga tsakiyar ƙarni na 19 aka koma yin yawancin takarda da ɓargon itace maimakon tsummokaran auduga, kuma irin wannan takarda tana ɗauke da asid a jikinta, wanda shi ke sa ta yi ja-ja-ja, ta bushe, ta riƙa karyewa a wurin ninki. Zafi da danshi suna hanzarta wannan lalacewa, haske kuma yana kashe tawada. Masana adana kayan tarihi suna da ƙiyasin cewa duk lokacin da aka rage zafin wurin ajiya da kimanin digiri 5 na ma'aunin Salshiyas, tsawon rayuwar takarda yakan ninka.

Ranar da za a buɗe akwatin, a share tebur mai faɗi, a nisanta abin sha da biro, a wanke hannu da sabulu a bar shi ya bushe sarai. Ba a bukatar safar hannu, domin tana rage jin yatsa har mutum ya yage gefen takarda bai sani ba. Hotuna ne kawai ake ɗauka da safar hannu ko a riƙe su ta gefe. Kafin a kwance kowane ƙunshi, a ɗauki hotonsa da waya yadda aka same shi, kuma kada a yi gaggawar sake jera wasiƙun. Wanda ya ɗaure wasiƙu goma sha biyu da zare ɗaya yana da dalilinsa, kuma sau da yawa wasiƙar da ba ta da kwanan wata ana gane shekararta ne daga maƙwabtanta.

Daga nan sai a cire duk abin da ke cutar da takarda: kilif da allurar sitefula masu barin tsatsa, da robar ɗauri wadda take narkewa ta manne, da busasshen fure, da yankan jarida, wanda asid ɗinsa yake da yawa har yakan bar tabo mai siffarsa a jikin wasiƙar da ya kwanta a kai. A warware kowace wasiƙa a hankali a shimfiɗa ta, domin kowane buɗewa da ninkewa yana ƙara raunana layin ninkin. Wadda ta ƙi buɗuwa ko ta fara tsagewa, a bar ta a ninke har a sami ƙwararre. Ambulan kuwa a ajiye shi tare da wasiƙarsa, domin hatimin gidan waya da kan sarki da adireshi sukan faɗi ranar aikawa da garin da marubucin yake zaune, abin da wasiƙar kanta ba lallai ta ambata ba.

Abubuwa biyu ne suka fi ɓata wasiƙun iyali, kuma dukansu da sunan gyara ake yin su. Na farko salatif. Bayan wasu shekaru gam ɗinsa yakan ratsa takardar ya bar tabo ruwan ƙasa mai maiƙo, ledar ta ɓare ta faɗi, tabon ya zauna daidai kan rubutun da aka so a ceta. Na biyu laminetin, wanda mutane suke ɗauka kariya ce ta har abada. Zafin injin da gam suna haɗe leda da takarda yadda ba za a sake raba su ba, asid ɗin da ke ciki kuma ya ci gaba da aikinsa a rufe. Manyan ma'adanan takardun tarihi ma sun taɓa bin wata hanya makamanciyar wannan, wadda William Barrow ya ɓullo da ita a Amurka a shekarun 1930, daga baya suka daina, wasunsu kuma suka shiga wahalar ɓare ledar daga takardunsu. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce kada a yi wa takarda abin da ba za a iya warwarewa ba. Wasiƙar da ta yage, a saka gutsattsarinta cikin ninkakkiyar farar takarda marar asid a bar ta haka.

Wurin ajiya mai kyau shi ne fayil da kwali marasa asid, kuma takardar da ta cika ƙa'idar ingancin takarda ta duniya mai lamba ISO 9706 ita ake nufi da takarda mai ɗorewa. Kada a cusa wasiƙu da yawa cikin fayil ɗaya, kuma a rubuta bayani a jikin fayil ɗin da fensir, ba a jikin wasiƙar ba. In za a yi amfani da aljihun leda, a nemi na poliyesta ko polipropilin, a guji na PVC mai warin sabuwar roba. Amma wasiƙar da aka rubuta da fensir ba a sa ta a poliyesta, domin yana jan ƙurar rubutun. Kwalin ya zauna a ɗakin da mutane suke kwana ko zama, a kan kantar ajiye kaya, nesa da ƙasa da bangon waje da bututun ruwa, ba a saman rufi ko ɗakin tarkace ba. Hukumar adana takardun tarihi ta Amurka tana ba iyalai shawarar zafi ya kasance ƙasa da digiri 24, danshin iska kuma ƙasa da kashi 65 cikin 100, domin sama da haka ne fumfuna take tsirowa, ƙwari su samu wurin zama. A riƙa leƙa kwalin lokaci-lokaci saboda gara da kyankyaso da ɓera. Idan ruwa ya jiƙa wasiƙu, fumfuna tana iya kamawa cikin awa 48, don haka a shimfiɗa su a inuwa inda iska ke kaɗawa, in kuma sun yi yawa a naɗe su a leda a sa a firiza har a samu sukunin busar da su kaɗan-kaɗan.

Takardar da ta shiga kwali mai kyau za ta iya jira, amma dattawan da suka san mutanen da ke cikinta ba za su jira ba, kuma a ganina wannan ne sashen aikin da ya fi gaggawa. Wasiƙun iyali cike suke da laƙabi da sunayen gida da maganganun da aka yi rabi aka bar rabi, irin su a gaida mai sunan baba, ko a ce maganar nan ta bara an daidaita. Jikan da zai karanta bayan shekaru 40 ba zai san ko wane ne mai sunan baba ba. A ɗauki wasiƙu kaɗan a kai wa babba a gida, a karanta masa a bayyane, a nemi izininsa a naɗi muryarsa, sannan a tambaye shi wane ne wannan, yaya dangantakarsa da marubucin, a ina suke zaune a lokacin. Abin da ya faɗa a rubuta a takarda dabam tare da sunansa da ranar da aka yi hirar, a kuma bambanta abin da ya tabbatar da abin da yake zato. Idan rubutun hannun yana da wuyar karantawa, ko an yi shi da harshen da yaran gidan ba sa ji, a kwafe shi kalma da kalma ba tare da gyara kurakuran marubucin ba.

Sai ɗaukar hoton wasiƙun a na'ura. A yi sikanin da launi, aƙalla dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, gaba da baya har da ambulan, a kan na'ura mai shimfiɗaɗɗen gilashi, domin mai jan takarda da kanta tana iya yaga ta. A ajiye babban kwafi a tsarin TIFF mai riƙe cikakken ingancin hoto, a fitar da JPEG ko PDF domin rabawa. Sunan kowane fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan mai aikawa da wanda aka aika wa, ta yadda kwamfuta za ta jera su da kanta. A yi kwafi uku a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gida dabam ko a intanet, kuma a riƙa sauya ma'ajiyar bayan 'yan shekaru. Wanda yake son rataye wasiƙar kakarsa a bango ya buga kwafi ya rataye, ta asalin ta zauna a duhu.

Kwafin nan ne kuma yake kashe rigimar rabo. Zai fi kyau wasiƙun asali su zauna wuri guda a hannun mutum ɗaya da dangi suka amince da shi, kowa ya karɓi kwafi, a kuma rubuta a cikin kwalin wanda zai karɓe shi bayansa. Kafin a tura komai zauren dangi na WhatsApp, mai riƙon ya karanta duka, domin a cikin wasiƙu akan sami maganar bashi ko rashin lafiya ko saɓanin aure da ta shafi wanda yake raye. Irin wannan ba a ƙona ta, ana ware ta ne a fayil na dabam, a rubuta a kai shekarar da dangi suka yarda a buɗe.