Yadda ake kula da garka da shuke-shuken gida a lokacin ɗari a Tahoua

A ƙasashe irin su Faransa, idan sanyi ya shigo aikin lambu tsayawa yake yi, ƙasa ta daskare, a kwashe tukwanen furanni a kai ɗaki. Mu nan Ader, wato yankin Tahoua, lokacin ne kakar masu garka. A Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauka wajen digiri 15, ranar ma ba ta da zafin ƙuna, kuma wannan shi ne yanayin da salati, shu, karoti, tomati da albasa suke so. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kountché ta ja hankalin jama'a ga noman rani, mutanen Galmi, Madawa, Ƙonni da bakin tabkin Tabalak suka ƙara riƙe shi da hannu biyu. Abin da suke yi a fadama, kai ma za ka iya yin ƙaraminsa a tsakar gida. Sanyin kansa ba ya kashe shuka a nan. Busasshiyar iska, ƙura da jinkiri su ne ke kashe ta.

Fara da lissafin kwana

Ka ƙirga baya daga watan Maris, lokacin da zafi ke dawowa. Tomati na zubar da fure idan zafin rana ya haura digiri 35, salati kuma sai ya yi tsiri ya yi ɗaci. Don haka a yafa irin tomati, shu da albasa tun Oktoba ko farkon Nuwamba. Tomati da shu suna yin kwana 25 zuwa 30 a wurin reno kafin dashe, albasa kuwa sai ta yi kwana 40 zuwa 50, har kaurinta ya kusa na fensir. Wanda ya makara har Janairu, ya haƙura da albasa mai kai, ya shuka salati, alayyafo ko albasa mai lawashi, waɗanda ke zuwa da wuri.

Katange gabas da arewa

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Kafin ka sa iri ko ɗaya, kafa darni na karan gero ko zana a wannan ɓangaren, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Kada ya toshe ɗam, domin iskar da ta bugi bango tsallakowa take yi ta faɗo wa shukar da ƙarfi, amma darni mai 'yan kafofi tace ta yake yi ta shigo a hankali. Sauran ɓangarorin a kewaye su saboda awaki da kaji. Akuya guda ta isa ta share aikin wata biyu kafin a idar da sallar azahar.

Gyaran fangali

Faɗin fangali kada ya wuce mita ɗaya, yadda hannunka zai kai tsakiya ba ka taka ciki ba. Ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa, shi ya sa a nan fangali mai zurfi ya fi mai tudu: a sauke cikinsa kamar tsawon yatsa, a ɗaga gefensa. A kaftu ƙasar sosai, a zuba taki bokiti ɗaya ga kowace mita, a cuɗa, a yi ta ba shi ruwa na mako guda kafin dashe, ciyawar da ke ɓoye ta fito a cire.

Takin nan ya zama ruɓaɓɓe, wanda ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu. Ɗanyen kashin kaji ko na tumaki yana ƙone saiwa, yana kuma jawo gara. Karoti ma ba ya son sabon taki sam, sai ka tono shi ka tarar ya yi ƙafafu biyu ko uku. Shi ba a dasa shi: a ja layi, a gauraya irin da yashi a yafa, idan ya tsiro a rage.

Dashe da yamma ake yi, bayan la'asar. A jiƙa wurin renon tukuna don shukar ta fito da ƙasarta. Tomati da shu a ba su santimita 40 zuwa 50 a tsakani, salati 25, albasa 10 zuwa 15. Kwana uku na farko a yi musu 'yar rumfa da ciyawa.

Ban ruwa, inda aka fi yin kuskure

Mutum ya ji sanyi a jikinsa sai ya ɗauka shuka ba ta jin ƙishirwa. Iskar da ke fasa maka leɓe da dugadugai ita ce ke tsotse ruwan ganye. Wani kuma tsoron haka ya sa ya yi ta ambaliya har saiwa ta ruɓe. Ma'aunin yana hannunka: cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. Ka ji danshi, bari sai gobe. Ka ji ta bushe, ba ta ruwa har ya nutse ƙasa sosai, domin yayyafin sama-sama saiwa yake hana ta zurfi.

Sabon dashe da salati suna son safe da yamma. Wanda ya kafu, sau ɗaya da safe ya wadatar. Tomati a gindi ake ba shi, kuma a kan ƙa'ida, don idan aka bar shi ya bushe sannan aka cika shi da ruwa, 'ya'yan fashewa suke yi ko gindinsu ya yi baƙi. Rufe ƙasar da ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa. Ruwan da kake saye ko kake ja daga rijiya zai ƙara daɗewa a ƙasar. A gari irin namu da ruwa ke da tsada, ruwan alwala da na wankin shinkafa ko ganye bai kamata ya tafi kwata ba. Na wanki mai omo ko jabel dai kada ya kusanci fangali.

Ƙura da ƙwari

Kowace safiya ka juya ganye ka duba bayansa. A nan darɓa da farin ƙuda ke taruwa, da wani jan ƙwaro ƙanƙane mai saƙa kamar gizo-gizo, wanda ke son ganyen tomati da gauta idan ƙura ta rufe su. Shu kuma tsutsa ce ke huda shi. Bayan ranar da aka yi hazo, a wanke ganyen da ruwa da hantsi don ya bushe kafin dare.

Maganin farko yana ƙofar gida. A daka busassun 'ya'yan bedi rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa su kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan farin sabulu a ciki, a fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita duk mako. Ina roƙon masu sayen maganin feshi a kasuwa ba tare da takarda a jikinsa ba su bari, musamman a kan salati da yara za su ci ɗanye.

Na cikin tukwane

Mai gidan haya ko uwargidan da ba ta da fili, tsohon bokiti, rabin bido ko buhu sun isa na'ana'a, ɗoɗɗoya, tonka da alobera. A huda gindin, a cika da ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya. Waɗanda ke cikin ɗaki girmansu na raguwa yanzu, don haka a rage musu ruwa, alobera ma sau ɗaya a mako ko kwana goma. A matsar da su bakin taga, a goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, a nisanta su da kaskon garwashin jin ɗumi. Na waje a jera su jikin bangon da ke tare iska.

Idan zogale ya rage toho ko kuɓewa ta ƙi tsawo, ba ciwo ba ne, zafi suke jira. Babban mangwaro a sassauta masa ruwa kafin ya yi fure, a koma ba shi idan 'ya'ya sun ɗaura. Ƙananan itatuwan da aka dasa da damina su ne ba a yi wa sakaci, a yi musu gurbi a gindi a riƙa cika shi sau biyu a mako.

Albasar Galmi takan kai wata huɗu bayan dashe. Idan ganyen ya fara kwantawa, a yanke ruwa kwana 10 zuwa 14, a cire, a bar ta ta sha iska a inuwa har wuyanta ya bushe, sannan a kai rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ko a shimfiɗa a ɗaki mai iska. Fangalin da ta tashi a ƙara masa taki, a zuba kuɓewa ko yakuwa.