Kafin ku ɗora furotin biyu a kan juna

Idan za ku ɗora siffofin furotin biyu a kan juna a PyMOL, manhajar duba siffar furotin a kwamfuta, ku fara daidaita jerin amino asid ɗinsu a Clustal Omega, manhajar kwatanta irin waɗannan jeri, ku ga yawan kamar da ke tsakaninsu. Wannan adadin ne zai nuna muku umarnin da ya dace.

Umarnin align yakan fara jera amino asid ne, sannan ya haɗa ƙwayoyin zarran da suka zo daidai, shi ya sa ake dogaro da sakamakonsa idan kamar da ke tsakanin jerin biyu ta haura kashi 30 cikin ɗari. Idan ta gaza haka, jerin kan zame, a haɗa sassan da ba su da alaƙa. A nan umarnin super ko na cealign sun fi, domin siffa suke bi.

Kada ƙaramin RMSD, wato ma'aunin tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarran da aka haɗa, ya ruɗe ku. Align yakan yi zagaye 5 yana zubar da ƙwayoyin da suka yi nisa, don haka ku duba nawa suka rage, ko ku sa cycles=0 don kada ya zubar da ko ɗaya.

Dabarar ɗora furotin gaba ɗaya takan gaza a furotin mai sassa biyu da ke buɗewa da rufewa kamar ƙyaure. Irin wannan sai ku ɗora kowane sashe daban.