Yadda ake neman gurbin digiri na biyu a ƙasar waje da kuɗin yin karatun

Karon farko da na nemi tallafin Chevening, saura kwana tara a rufe na fara cike fom. Bayan 'yan watanni saƙon ban haƙuri ya shigo imel ɗina. Shekara ta zagayo na sake nema, na samu. Tsakanin shekarun nan biyu ban ƙara ilimin komai ba, digirina na aikin gona dai shi ne, sakamakona bai canza ba. Abin da ya canza shi ne na fara shiri tun watan Maris. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan gorar shekara guda cur take ci.

Mataki na farko: nemi mai biya kafin ka nemi makaranta

Yawancinmu a juye muke yin abin. Mutum ya samu takardar gurbin karatu daga Ingila, ya tura ta zauren WhatsApp na dangi, a yi ta ruwan sambarka, sannan ya duba ƙasan takardar ya ga kuɗin makaranta kaɗai ya haura fam 15,000. Daga nan sai shiru. Samun gurbi ba shi ne mai wuya ba, jami'o'in can suna son ɗaliban waje domin kuɗin da suke biya. Wuyar tana wajen wanda zai ɗauki nauyi, don haka daga nan za ka faro.

Chevening na gwamnatin Birtaniya ne, tun 1983 ake ba da shi. Yana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara ɗaya: kuɗin makaranta, tikitin jirgi, biza da alawus na wata-wata. Sharaɗinsa ka yi aiki na aƙalla awa 2,800, kimanin shekara biyu ke nan, kuma ka koma gida ka zauna shekara biyu bayan ka gama. Akan buɗe shi wajejen Agusta ko Satumba, a rufe a Oktoba ko farkon Nuwamba. Akwai na Commonwealth, wanda a Najeriya ake iya bi ta hannun Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi. Erasmus Mundus na Tarayyar Turai yana ba da yuro 1,400 a wata, kuma ɗalibi zai yi karatunsa a ƙasashe biyu ko fiye. Na gwamnatin Turkiyya akan karɓi takardunsa daga Janairu zuwa Fabrairu, da shekara guda ta koyon Turkanci kafin a shiga aji. Masu fannin mai da gas kuma suna da PTDF, asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur, a nan gida.

Za ka ji ana cewa karatu kyauta ne a Jamus. Akwai ƙamshin gaskiya, domin mafi yawan jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta. Amma kafin a ba ka biza sai ka nuna kuɗin zaman shekara a asusun da ake kullewa, wanda a 2024 aka mayar da shi yuro 11,904. Wanda ba shi da wannan, sai ya nemi tallafin DAAD, ƙungiyar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu.

Ka zaɓi tallafi uku ko huɗu, ka rubuta ranar rufe kowanne a takarda, ka manna a bango. Cike fom ɗin Chevening kyauta ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da hanya a ciki, ɗan damfara ne.

Mataki na biyu: takardu, musamman taranskirif

A nan mutane da yawa suke tsayawa, kuma ba don sun kasa ba. Jami'ar waje za ta nemi takardar da ke nuna makin kowane darasi da ka yi tun daga ajin farko, wato taranskirif. Ni na biya kuɗin tawa ta intanet, na zauna ina jira. Wata biyu babu labari. Na hau mota na je makarantar da kaina, na tarar da fayil ɗina a cikin wani tulin da aka ɗaure da igiya, ƙura ta yi masa lulluɓi. Magatakardan ya ɗaga, ya hura, ya buɗe, ya ce, "Ai sakamakonka na aji biyu bai zo daga sashenku ba." Wato da na ci gaba da zama a gida, har yau ina jira. Kwana huɗu na yi ina safa da marwa tsakanin sashen da ofishin jarrabawa, ina gaida kowa har masinja, kafin aka haɗa. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka fara wannan da wata shida a hannunka.

Sai suna. Mu Hausawa muna da wannan matsalar fiye da kowa: Muhammad a takardar WAEC, Mohammed a digiri, Muhammed a fasfo, ranar haihuwa kuma ta NIN daban. Ka baza takardunka duka a tabarma ka duba su harafi-harafi. Inda suka saɓa, ka yi takardar rantsuwa a kotu ko ka nemi gyara tun yanzu. Fasfo ma ka duba ranar ƙarewarsa.

Mataki na uku: jarrabawar Turanci

IELTS tana da sassa huɗu: sauraro, karatu, rubutu da magana, kuma sakamakonta shekara biyu yake aiki. Kwasa-kwasai da yawa maki 6.5 suke nema. Kuɗinta ba kaɗan ba ne, saboda haka kafin ka biya, duba shafin jami'ar da kake so, domin wasu jami'o'in Ingila suna karɓar C6 na Turancin WAEC a madadinta. In dole ce, ka fi ba sauraro ƙarfi. Sau ɗaya tak ake kunna faifan, kuma Turancin da kunnenka ya saba da shi a aji ba shi ne za ka ji ba.

Mataki na huɗu: rubutun da zai yi magana a madadinka

Masu tantancewa ba su san ka ba, ba su san gidanku ba. Abin da ka rubuta shi kaɗai ne a gabansu. Chevening tambayoyi huɗu take yi: jagoranci, iya hulɗa da ƙulla alaƙa, dalilin zaɓen kwas ɗin, da abin da za ka yi in ka dawo.

A shekarar farko na rubuta cewa ni mutum ne mai kishin ƙasa, mai son ci gaban noma a Afirka. Dubban mutane irin wannan suka rubuta, kuma babu abin da za a kama a ciki. A ta biyu na kai wa wata tsohuwar malamata ta duba. Ta karanta, ta cire gilashi ta ce, "Kai, duk wannan surutun, me ka yi da hannunka?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai ba wani abin a zo a gani ba ne. Manoman tumatir ne muka yi aiki da su a Kadawa."

Ta ce, "To shi za ka rubuta."

Sai na rubuta yadda na ga tumatir na ruɓewa a kwanduna a kasuwar Kwanar Gafan lokacin da kaya suka yi yawa, dillali na taya kwando a wulaƙance, manomi kuma ba shi da zaɓi don kayan ba sa kwana. Na faɗi yadda na shawo kan wasu manoma muka gwada shanya a kan raga maimakon a ƙasa, da yadda biyu daga ciki suka janye a tsakiya, da abin da na yi har suka dawo. Na haɗa wannan da wani darasi takamaimai a kwas ɗin da na zaɓa, kan adana amfanin gona bayan girbi. Ka lura, ban ɓoye inda abin ya cije ba, kuma ina ganin wannan ne ya sa aka yarda da sauran.

Kada ka kwafi na wani, kada kuma ka ba na'ura ta rubuta maka. Ko ya wuce tantancewa, a ganawa za a tambaye ka a kai, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Mataki na biyar: masu shaida da jami'o'i

Mutum biyu za su rubuta maka wasiƙar shaida. Malamin da ya duba aikinka na kammala digiri ya fi babban farfesan da bai san fuskarka ba. Ka je ka gaishe shi, ka ba shi takardar tarihin aikinka, ka sanar da shi ranar ƙarshe, sannan ka riƙa tuni cikin ladabi. A lokaci guda ka nemi gurbi a kwasa-kwasai uku da Chevening ke sa ka zaɓa a fom, don ba ta nema maka. Zuwa watan Yuli za a so ka nuna takardar gurbi marar sharaɗi daga ɗaya a cikinsu.

Mataki na shida: ganawa

In an kira ka, ka sake karanta abin da ka rubuta har ya zauna. Ka sa aboki ya yi maka tambayoyi yana duba agogo. Tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai da cewa "mun ɗan taɓuka" ba ta aiki a wannan ɗakin. Ka dubi mai tambaya, ka ce ni na yi kaza.

Mataki na bakwai: biza

Jami'a za ta ba ka lambar CAS, mai tabbatar da cewa ta karɓe ka, da ita ake neman bizar Birtaniya. Ɗan Najeriya sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, kamar na IOM, hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a Abuja ko Legas, kuma takardar wata shida take aiki. Mai ɗaukar nauyin kansa zai nuna kuɗi sun kwana 28 a jere a asusu. Mai iyali ya sani cewa tun Janairun 2024 ɗaliban digiri na biyu na zaman aji masu biya wa kansu ba sa iya tafiya da mata da yara, Chevening kuma ba ta biyan kuɗin iyali. Wannan magana ce da za a zauna a yi ta a gida tun kafin a cike fom, ba ranar da tikiti ya fito ba.

Ka tafi da ɗan guzuri a hannu na makonnin farko, don buɗe asusun banki a can yakan ɗauki kwanaki. Rigar sanyi kuma ka bari sai ka isa. Wadda na saya a Kantin Kwari ko watan Nuwamba ba ta kai ni ba.